Waiwaye: Laifin Sanda Ne Ko Na Hannu?

Waɗanda muka daɗe muna zagaya filayen golf na Arewa, daga Kano zuwa Kaduna, daga Zariya zuwa Rayfield ta Jos, ba mu manta da zamanin da babu ciyawa a bakin rami ba. Yashi ne ake cuɗawa da baƙin mai, a baje shi a daɓe, kuma kafin mutum ya tura ƙwallonsa sai yaro ya ja buhu ya share masa hanya. A wancan lokaci jakar ɗan wasa ba ta da nauyi. Da yawa daga cikinmu da rabin saiti muka fara: ƙarfe mai lamba 3, da 5, da 7, da 9, sai sanda ɗaya mai kan katako, sai ta tura ƙwallo a rami. Yawancinsu gado ne, ko dai daga wani Bature da ya gama aiki ya koma ƙasarsu, ko daga wani babban yaya da ya samu sababbi. Ba wanda ya ji kunyar ɗaukar su, kuma da irinsu aka ci kofuna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wancan zamani shi ne yadda ake karɓar sabon shiga. Kowane fili yana da dattijonsa, wanda galibi da ɗaukar jaka ya fara tun yana yaro har ya zama mai koyarwa. In aka kawo masa baƙo, ba ya leƙa jakarsa. Cewa zai yi, “Yallaɓai, riƙe sandar in gani.” Sai ya kama yatsun mutum ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya murɗa hannun hagu kaɗan, ya tura ƙafar dama baya, ya dafa kafaɗa ya daidaita ta. Ana iya shafe yammaci guda ba a buga ƙwallo ko ɗaya ba. Manyan ma’aikata da manyan hafsoshi suna tsayawa a gaban wannan bawan Allah kamar almajirai, ba wanda ke ganin an rage masa daraja.

Yau kuwa, in ka tsaya a wurin bugun farko ranar Asabar da safe, hirar kaya za ka fi ji. “Alhaji, wannan sabuwa ce?” “Ranka ya daɗe, satin jiya aka kawo mini ita daga Dubai, an ce ba ta san karkata ba.” Sai a zagaye ta ana shafawa. Can mai ita ya ɗaga ya sauke, ƙwallo ta tashi tiryan-tiryan, ta yi rabin hanya, sannan ta lanƙwasa dama ta faɗa cikin dogon yaro, daidai inda tsohuwar sandarsa ta saba kai ta. Ban faɗi haka don a yi wa kowa dariya ba. Mutum ya kashe kuɗinsa ne saboda son wasan, kuma son nan abin girmamawa ne. Abin da ke damuna shi ne an nuna masa ƙofar shago, ba a nuna masa ƙofar filin atisaye ba.

Mu koma Amurka, shekarar 1916. Wani saurayi mai suna Chick Evans, wanda ya tashi yana ɗaukar wa mutane jaka a wani fili a Chicago, ya shiga babbar gasar US Open a filin Minikahda da ke Minneapolis. Ba ƙwararre mai cin abinci da wasan ba ne, ɗan sha’awa ne kamar ni da kai. Sanduna 7 kacal ya ɗauka, dukkansu masu ƙotar itace. Ya gama ramuka 72 da bugu 286, ya lashe gasar, kuma sai da aka yi shekara 20 kafin wani ya sauko ƙasa da wannan adadi. A shekarar nan dai ya haɗa da kofin ’yan sha’awa na Amurka. Mutumin da ke da sanda 7 dole ya san kowace ɗaya ciki da bai: yadda zai sa ta tashi sama, yadda zai danne ta ƙasa in iska ta taso, yadda zai rage mata ƙarfi in nisan bai kai nata ba.

Da ƙotar ƙarfe ta shigo, wadda hukumar golf ta Amurka ta halatta a 1924, ta Birtaniya kuma a 1929, sai masana’antu suka fara fitar da saiti mai lambobi, kowace tazara da sandarta. Jakunkuna suka kumbura. Lawson Little, wanda ya cinye kofunan ’yan sha’awa na Amurka da Birtaniya a 1934 ya kuma maimaita a 1935, yakan shiga fili da sanduna kusan 30, yaron jakarsa na nishi a baya. Shugabannin wasan suka ga abin ya wuce gona da iri, ana neman a mai da gwaninta abin saye. Shi ya sa aka kafa dokar da muke bi har gobe: kada jaka ta wuce sanda 14. Amurka ta fara aiki da ita a 1938, Birtaniya ta biyo a 1939. Ashe gardamar da muke yi a inuwar kulob ta girme mu duka.

Ni dai a duk labaran nan, na Seve Ballesteros ne ke taɓa ni. An haife shi a 1957 a Pedreña, wani ƙauyen bakin teku a arewacin Sifen. Ƙarfe ɗaya mai lamba 3 ya mallaka yana yaro, kuma da shi ya koyi komai a kan rairayin bakin ruwa. Duk wanda ya taɓa riƙe lamba 3 ya san ba sandar wasa ba ce, fuskarta a miƙe take, ba ta son ɗaga ƙwallo. To da ita yaron nan ya koyi fitar da ƙwallo daga yashi, da tsallake shinge, da tsayar da ita kusa da rami. Sai ya buɗe fuskar sandar, ya ware ƙafafu, ya rage tsawo, ya bar hannuwa su yi sauran. Da ya girma ya samu cikakkiyar jaka, sai ya zama ba inda ƙwallo za ta faɗa ya rasa dabara. Ya ɗauki kofin British Open a 1979 yana ɗan shekara 22, ya ƙara a 1984 da 1988, ya haɗa da Masters sau biyu. Rashi ne ya koya masa abin da wadata ba ta koyarwa.

Ba nisa muka yi da irin wannan ba. Yaran jaka na filayenmu ma haka suke koyo, da guntun ƙarfe ɗaya da suke karɓa-karɓa a bayan bishiyoyi kafin iyayen gidansu su iso. Mafi yawan ƙwararrun ’yan golf da ƙasar nan ta fitar ta wannan hanya suka biyo. Sau nawa muka ga mai gida ya fusata da sandarsa, ya miƙa wa yaro ya ce, “Kai, gwada wannan abar mu gani,” yaron ya buga ta miƙe sambal? A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani, amma galibi sai a ce sa’a ce, a wuce.

Bari mu dubi cutar da ta fi addabar ’yan sha’awa, wato ƙwallon da ke lanƙwasa dama ga mai buga da hannun dama. Ba aljani ba ne, lissafi ne. Abu biyu ke haɗuwa a daidai lokacin da sanda ta taɓa ƙwallo: inda fuskar sandar ke kallo, da hanyar da kan sandar ya biyo. In fuskar na kallon dama fiye da hanyar da kan ya bi, ƙwallon za ta ɗauki juyi a karkace, iska kuma ta ƙarasa aikin. Na’urorin auna bugu irin na TrackMan, kamfanin da aka kafa a Denmark a 2003, sun tabbatar da cewa fuskar sanda ce ke da kaso mafi tsoka wajen zaɓar inda ƙwallo za ta fara dosa. Fuskar kuwa hannu ke juya ta. In mutum ya riƙe sanda a tafin hannu maimakon gindin yatsu, ya kuma kwantar da hannun hagu har ba ya ganin gaɓoɓin bayan hannunsa in ya duba ƙasa, to fuskar za ta iso a buɗe. Da ya ga ƙwallo na tafiya dama, sai ya ƙara juya jikinsa hagu don ya rama. Juyawar nan kuwa ita ke sa sandar ta sari ƙwallon a gicciye, lanƙwasar ta ƙaru. Garin neman gira a rasa ido.

Akwai sanduna da aka ƙera musamman don wannan matsala, an tara musu nauyi a ɓangaren da ke kusa da ƙota don fuskar ta yi saurin rufewa. Suna ragewa, ban musa ba. Sai dai ragewa daban, warkewa daban. Wanda ya gyara riƙonsa ya daidaita kafaɗunsa ya gyara wa sanduna 13, ban da ta tura ƙwallo a rami, aiki a lokaci guda. Wanda ya sayi sabuwar direba, wato sandar bugun nesa, ya lallaɓa ɗaya ce kawai, ita ma sau 14 ko ƙasa da haka zai ɗauke ta a zagayen ramuka 18.

Ben Hogan na Texas kishiyar wannan cuta ce ta kusa raba shi da wasan. Tasa ƙwallon hagu take karyewa, ƙasa-ƙasa, da gudu. Ya zama ƙwararre tun 1930, amma sai 1940 ya ci gasa shi kaɗai. Shekara goma yana yawo, aljihu na bushewa, yana komawa gida yana sake fitowa. Bai ce laifin maƙera ba ne. Filin atisaye ya tare, yana buga ƙwallo har hannuwansa su yi kanta, yana sauya riƙo da yadda wuyan hannunsa ke kwanciya a ƙarshen ɗagawa, har ya mai da ƙwallonsa mai ɗan karkata dama a hankali, wadda ke sauka ta tsaya inda aka aike ta. Daga nan ya tara manyan kofuna 9, shida daga ciki bayan mummunan haɗarin motar da ya yi a 1949, wanda aka ɗauka ba zai sake takawa ba. Littafin koyarwar da ya fitar a 1957 kuwa, darasinsa na farko kacokan a kan riƙon sanda yake, na biyu a kan tsayuwa. Wato dai abin da dattijon filinmu ke farawa da shi.

A nan akwai abin lura ga ’yan zamani. Maganin Hogan na mai karyewa hagu ne. Wanda tasa ke lanƙwasa dama, in ya kwaikwayi riƙon Hogan, ƙara wa kansa ciwo zai yi. Yanzu kowa na da malamai ɗari a cikin wayarsa, kowane bidiyo da tasa fatawar, kuma da yawansu gaskiya suke faɗa, sai dai ba su ga mai kallon ba. Mutum bai iya ganin bayansa. Abin da yake ji yana yi daban, abin da jikinsa ke yi daban. Shi ya sa ido ɗaya na mai koyarwa da ke tsaye a gefenka ya fi tarin shawarwarin da ba a san ciwonka ba aka ba ka.

Gaskiyar da ba a cika faɗa wa masu koyo ba ita ce gyara yana da ɗaci. Ranar da aka sauya maka riƙo, sandar za ta zama baƙuwa a hannunka, bugunka zai lalace kafin ya gyaru, abokan wasa su cinye ka a ramukan da ka saba cinye su. Nick Faldo na Ingila ya ɗanɗani wannan a idon duniya. A 1983 shi ne kan gaba a Turai, ya ci gasa biyar a shekara ɗaya. Duk da haka ya gane cewa bugunsa ba ya jure matsi a manyan ranaku. A 1985 ya miƙa kansa ga mai koyarwa David Leadbetter, suka warware lilon sandarsa suka sake ɗinkawa daga tushe. Kusan shekara biyu ba a jin ɗuriyarsa a sahun gaba, jaridu na cewa ya kashe kansa da kansa. A 1987 a Muirfield ya buga ramuka 18 na ranar ƙarshe, kowanne a daidai adadin da aka ƙayyade masa, ba ƙari ba ragi, ya ɗauki British Open. Manyan kofuna 6 ya tara kafin ya ajiye. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mu ba a neman shekara biyu a wurinmu, ’yan makonni ne na haƙuri, amma su ɗin ma sukan gagare mu, saboda sayen sanda a yini ɗaya ake gama shi.

Kada kuma a ce na yi wa maƙera rashin adalci, don su ma sun yi wa wasan nan hidima. Gene Sarazen ya gaji da wahalar ramukan yashi, sai ya narka dalma ya ƙara wa gindin sandarsa kauri ta yadda za ta zame a cikin yashi maimakon ta nutse. Da ita ya ci British Open ta 1932, kuma jikokinta ne ke cikin jakar kowannenmu yau. Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norway da bai fara golf ba sai da ya haura shekara 40, shi ya kwashe nauyi daga tsakiyar kan sanda ya rarraba shi gefe-gefe, don wanda bai sami tsakiya ba ma ƙwallonsa ta yi tafiya. Kamfaninsa na Ping ya kuma yaɗa al’adar auna mutum kafin a ba shi sanda. Wannan taimako ne na gaske, musamman ga dattawa da ƙarfi ya fara ja baya.

Sanda kamar takalmi take: in ya matse ka, ko ka iya tafiya sai ka ɗingisa, amma sabon takalmi bai taɓa koya wa kowa tafiya ba. Saboda haka akwai lokacin da laifin na sanda ne. Dogon mutum da gajerun sanduna dole ya duƙa fiye da kima. Gajere da dogaye zai tarar hancin sandar ya ɗaga sama, ƙwallo na tafiya hagu ko da ya yi komai daidai. Dattijon da ya gaji ƙota mai tauri daga ɗansa matashi zai yi ta fama ƙwallo ba ta tashi. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yara da mata da ake yanke wa tsofaffin sandunan maza. Yankewar na ƙara wa ƙota tauri, kan kuma ya yi musu nauyi, sai yaro ya koyi jan sanda da dukkan jikinsa, ɗabi’ar da za ta bi shi har girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to a tabbata ba a tanƙwara shi a karkace ba.

Ƙasarmu ma tana da nata hukuncin. Sandar yashi mai faffaɗan gindi, wadda aka ƙera don lallausar ciyawar Turai, in ta sauka a kan busasshiyar ƙasar hunturu sai ta yi tsalle, bakinta ya daki cikin ƙwallo, ta wuce rami da gudu. Magabatanmu sun san haka, shi ya sa in sun matso kusa sukan ɗauki lamba 7 ko 8 su gangara da ƙwallon a ƙasa. Zafin rana da ƙura kuma suna cinye robar mariƙi, ta yi santsi, mutum ya riƙa damƙe sanda da ƙarfi ba tare da ya sani ba, damƙar kuwa ta kashe wuyan hannu. Sauya robar nan bai kai kuɗin sanda ɗaya ba, amma kaɗan ne ke tunawa da ita.

Game da alƙawarin ƙarin nisa da ake yi mana kowace shekara, yana da kyau mu san abu biyu. Na farko, an daɗe da ɗaure maƙera. Lokacin da Callaway ta fitar da Big Bertha a 1991, girman kanta cc 190 ne, aka yi ta mamaki. Kawuna suka yi ta ƙaruwa har hukumomi suka tsayar da su a cc 460 a 2004, bayan tun 1998 an ƙayyade yadda fuskar sanda za ta iya cilla ƙwallo. Ke nan direbar bana da ta shekara goma da suka wuce duk a ƙarƙashin rufi ɗaya suke. Na biyu, lambar da ke gindin ƙarfe ta canza ma’ana. Lamba 7 ta zamanin iyayenmu kwanciyar fuskarta digiri 36 ce ko fiye, yau da yawa 30 ne ko ƙasa. Wanda ya ga sabuwar lamba 7 ta fi tsohuwar nisa, sau da yawa tsohuwar lamba 5 ko 6 ce ya buga da sabon suna.

Tsofaffin ’yan kallo na Ikoyi a Legas za su tuna wani dogon saurayi ɗan ƙasar Fiji da ya zo gasar Nigerian Open a 1988, ba wanda ya san shi, ya cinye, ya dawo a 1989 ya sake cinyewa. Vijay Singh ke nan. Kafin zuwansa nan, koyarwa yake yi a wani ƙaramin kulob a tsibirin Borneo, inda yake cika sauran lokacinsa da atisaye a cikin zafi. Har ya shahara ba a san shi da komai ba kamar daɗewa a filin atisaye, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. A 2004, yana da shekara 41, ya ci gasa 9, ya sauke Tiger Woods daga matsayi na ɗaya a duniya. Ta filinmu ya bi ya wuce, da yawa cikinmu kuma sandunan da ke jakarsa muka tsaya kallo.

To in ɗan’uwa ya tambaye ni ta ina zai fara, ga abin da nake gaya masa. Ya samu alli ko hoda ya shafa a fuskar ƙarfensa mai lamba 7, ya buga ƙwallo goma, yana duba tabon bayan kowace ɗaya. In tabon ya warwatsu, wannan a hanci, wancan a gindi, wani a sama, to babu shagon da ke da maganinsa, wurin mai koyarwa zai nufa da sandunan da yake da su. In kuwa tabon ya taru wuri ɗaya amma ba a tsakiya ba, ko kuma ya taru a tsakiya ƙwallon na ci gaba da bauɗewa gefe guda, sai ya miƙa sandar ga wanda ya fi shi iyawa kuma tsawonsu ya zo ɗaya. Idan ta bauɗe a hannun wancan ma, a kai ta a auna tsawonta da kwanciyarta da taurin ƙotarta. Sau da yawa ɗan lanƙwasa wuyan ƙarfen da digiri ɗaya ko biyu ya wadatar, ba sai an sauya saiti ba. Wanda kuma bai taɓa mallakar sanda ba, ya nemi na hannu masu sauƙin bugu waɗanda suka dace da tsawonsa, ko da rabin saiti ne, ragowar kuɗin ya biya darasi da kwandunan ƙwallon atisaye. Bayan wata shida, in tabon allin ya fara taruwa, lokacin aunawa da saye ya yi, kuma a ranar mai aunawar zai samu tsayayyen bugu da zai auna.